Fulogi Takwas a Kwalin Ƙwai

Issoufou ya sake fitowa bakin gareji, karo na shida ke nan, ya kare rana da hannu ya leƙa ƙarshen layin. Tasi biyu suka kunno kai, babu ta Ɗan'auta. Ya koma ciki ya goge teburin da ya riga ya goge, ya kunna 'yar fitilar nan da likitoci ke duba kunne da ita, ya kashe. Agogon bango ya nuna biyu da kwata. Ƙarfe biyar Shaima za ta hau layin tsere, shi kuwa har yanzu bai ga abin da zai karanta ba.

Fulogi takwas yake jira.

Shaima 'yar marigayi Badamasi ce, mai garejin nan na unguwar Hindawiyya, wanda ya ɗauki Issoufou aiki shekara talatin da uku da suka wuce, lokacin da ya zo Hajji daga Tawa ya bar jirginsu ya koma ba shi. Yanzu wanta Bandar ne ke riƙe da wurin. Ita kuwa ranakun aiki tana wani kantin magani da farar riga, ranar Asabar kuma ta kifa hular kwano ta shiga wata baƙar mota 'yar Amurka, ta yi tseren mita ɗari huɗu miƙe sambal, mota biyu gefe da gefe, wanda ya riga shi ya ci. Issoufou ne ya haɗa injin da hannunsa, silinda takwas, da sufacaja a kansa, famfon nan da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya, ya leƙo ta saman bonet kamar tukunyar da aka kife. Amma bai taɓa ganin motar tana gudu ba. Filin tseren yana can bayan Jidda, a hanya akwai shingen bincike, shi kuwa ba shi da igama, takardar izinin zama a ƙasar, bai taɓa samu ba.

Shi ya sa suka ƙirƙiro tasu dabarar. Shaima ta ɗaura sababbin fulogi, ta yi gudun gwaji sau ɗaya, ta kashe inji a ƙarshen layi, a kwance su da zafinsu, a jera a kwalin ƙwai, na ɗaya zuwa na takwas. Bandar ya kawo masa washegari. Hoto a waya ya ƙi shi tuntuni, ya ce waya maƙaryaciya ce, tana mayar da ruwan toka ruwan ƙasa. Yau ne kawai aka haɗa gwaji da tsere rana ɗaya, Bandar ba zai iya barin fili ba, aka yi hayar tasi.

Duk rigimar a kan taimin ce. Tartsatsin fulogi dole ya tashi kafin fistin ya iso sama, kamar mai gida da ke fitowa taryar baƙo tun bai kai ƙofa ba. In ya makara, baƙo ya juya, ƙarfi ya bi salansa ya tafi. In ya yi gaggawa, su yi karo a zaure, kuma a injin da ake matsa wa iska karon nan yana huda kan fistin kamar garwashi a kan leda, mai ya kwarara ƙarƙashin tayoyin yarinya tana gudun kilomita ɗari biyu da talatin. Da digiri ake auna taimin. Da safe ya ba ta ashirin. Fulogi kuwa ba ya mantuwa. Wuta tana barin layi a jikin 'yar ƙugiyarsa: in ya tsaya a gwiwar ƙugiya, daidai ne, in ya gangara gindi, taimin ya yi yawa. In kuma farin tangaran ɗin ya yi ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masoro, to inji ya fara cin kansa.

Biyu da rabi tasin ta tsaya. Ɗan'auta ya fito a hankali yana gyara hula. Abdulbaƙi ne sunansa, haifaffen unguwar Mansur, shekara sittin da biyar da jikoki goma sha ɗaya, amma tun da uwarsa 'yar Kano ta kira shi Ɗan'auta ba a sake kiransa da wani suna ba.

"Ta Madina ka biyo?" in ji Issoufou.

"Ka ji shi. Mutum ya tsaya azahar ma laifi ne wurin mutanen Nijar." Ya miƙo kwalin da hannu biyu. "Ga amanarka. Yarinyar ta ce kada in juya shi, ban juya ba. Ta ce kowanne da raminsa, kowanne na mayar da shi raminsa."

"Ka mayar?"

"Ɗaya bayan ɗaya. Buɗe ka gani."

Issoufou ya buɗe. Fulogi takwas suna zaune a ramukansu, suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Ya ɗauki na ɗaya ya haska shi da fitilar kunne. Tangaran fari tas. Ƙugiya ta sha gurza, ƙarfe ne tsirara, babu layi, babu launi. Ya ɗauki na huɗu, na bakwai, na takwas. Ya kai ɗaya hanci. Ƙamshin turaren mota ya ji.

"Me ka yi musu?"

"Ai warin mai ne ya ishe ni, da na fito masallaci na buɗe. Ya shehi, da ka gan su. Na ce yaran yanzu ba kunya, a aika wa dattijo kaya da dauɗa haka? Ina da samfefa a akwatin mota tun zamanin tsohuwar tasina. Minti arba'in na zauna a inuwa ina aiki." Ya dubi fuskar abokinsa, murmushin ya fara sauka. "Ba wankewa za ka yi ba da ma?"

"Dauɗar aka aiko mini, Abdulbaƙi."

Jin sunansa na yanka, Ɗan'auta ya nemi bokitin fenti ya zauna.

Waya ta yi ƙara a aljihun Issoufou.

"Ammu, bawaji sun iso?" Ammu, wato baffa, take kiransa. Bawaji kuma haka take ce wa fulogi, irin na yaran da aka haifa a nan. Hausarta ta tsakar gida ce, in ta yi sauri sai Larabci ya ƙwace.

"Sun iso, ɗiyata."

"Ɗayyib. Ka ga me?"

Ya dubi Ɗan'auta, wanda ya cire hula yana murza ta. "Ina dubawa."

"Talal ya yi sakan tara da ɗigo biyu. Ni tara da huɗu. Da shi aka haɗa ni, kuma wanda ya faɗi yau ya fita daga kakar bana. Ammu, biyu kawai. Ka ba ni ashirin da biyu, halas, sauran aikina ne."

"Ki kira ni ƙarfe huɗu saura."

"Kullum minti biyar kake yi."

"Yau idona ya gaji."

Ya ajiye wayar ya shiga zagaye garejin. Daga teburi zuwa ramin duba mota, daga rami zuwa ƙofa, inda tattabaru ke tsintar shinkafar da mai shagon gefe ya watsar. A shekara talatin da uku ba wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba. Marigayi Badamasi yakan nuna shi ga masu motoci ya ce, wannan mutumin Tawa inji ke yi masa raɗa. Shi ne abin da ya mallaka a garin nan. Ba takarda, ba gida nasa, ba suna a jikin allon gareji, sai dai in ya faɗi lamba a rubuta.

Kuma lambar tana iya fitowa ko ba fulogi. Ya shiga lissafi da baki. Watan jiya ashirin ta bar layi sama da gwiwa kaɗan, wato da sauran wuri. Man tsere sabo ne. Ƙarfe biyar iskar teku ta taso da ɗanshi, ɗanshi kuwa yana kwantar wa wuta da hankali. Duk wannan yana cewa a ƙara. Sai dai ranar Talata sun canja wilin bel ɗin sufacaja da ƙarami, iska ta ƙaru, kuma abin da iskar ta yi a cikin silinda yau da safe, ga shi can ya zama gari a ƙarƙashin wata inuwa a hanyar Jidda.

Ya tsaya cik. In ya kai filin, zai iya zura fitila ta ramin fulogi ya ga kan fistin da idonsa. Awa ɗaya da rabi ce. Ƙarfe uku saura yanzu.

"Tashi ka kai ni."

Ɗan'auta ya ɗago. "Ina?"

"Inda ka ɗauko su."

"Kai da wace takarda?"

"Tashi dai."

"Issoufou, ni na yi ɓarna, ka zage ni, ka doke ni da sifana in ka so. Amma tarhil fa, korar marasa takarda? Su ɗora ka jirgi da rigar aikin nan, in je in ce wa Hajo me? In ce mata na kai mijinta Nijar saboda samfefa?"

Issoufou ya riga ya sa fitilar a aljihu, ya ɗauki kwalin, bai san ma dalilin ɗaukarsa ba. Ya ja ƙofar gareji ya kulle.

Suka kutsa cikin cunkoson Hindawiyya, tasi na danna wa tasi oda, masu tura baro suna ratsawa. Suka fita babban titi. Issoufou ya ɗora kwalin a cinya. Ya daɗe bai biyo nan ba. Duwatsun da ya sani an yanka su kamar burodi, an dasa benaye a wurin. Wani dutse guda aka bari shi kaɗai tsakanin tituna biyu, da akuya a kansa tana kallon motoci, ya bi ta da ido har ta ɓace, yana tunanin ta ina ta hau, kuma wa ke zuwa ɗaukarta da yamma. Ya duba agogo. Ya sake dubawa, minti ɗaya bai cika ba.

"Taka mana."

"Na taka. Tasi ce, ba motar 'yarka ba."

Gine-gine suka ƙare, sai baƙaƙen duwatsu da fili. Daga nesa layin motoci ya bayyana, jajayen fitilun birki suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan'auta ya kunna sigina ya shiga wani gidan mai, ya tsaya kusa da masallacin wurin, ya kashe mota.

"Ban ce ka tsaya ba."

"Dubi can da kyau. Yau kowa suke tsayarwa. A ce ma Allah ya rufa asiri mun fita, dawowa fa?" Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "In ka ce mu je, wallahi zan je. Amma ka faɗa da bakinka, kana kallon wurin."

Issoufou ya kalli wurin. Wani jami'i ya sunkuya a tagar wata farar mota, ya karɓi kati, ya miƙe. Motar ta wuce. Ta gaba ta matso. Ya ƙirga motoci tara yana neman wadda za a bari ta wuce haka nan, bai samu ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya je har bakin titi, ya dawo, ya zagaya tasin. Lamba ce kawai ake nema, kalma biyu, ya faɗe ta kowa ya huta, ba wanda zai san a kan me ya faɗa.

Wayar ta yi ƙara. Huɗu saura ashirin.

"Ammu, Bandar yana tsaye da kwamfuta a buɗe. Nawa?"

Ya jingina da bayan tasi. Wata tanka ta wuce, ya jira ƙararta ta lafa.

"Ban sani ba, Shaima."

"Na'am?"

"An goge su a hanya, da samfefa. Ba laifin kowa ba ne, ba a gaya masa ba. Babu abin da ya rage a jikinsu. Na taso in zo, ga ni a gidan mai ina kallon shinge."

"Kada ka matso." Muryarta ta sauya. "Ammu, ka ji ni? Kada ka matso ko taku ɗaya."

"Na ji."

Yana jin injuna a bayanta suna tari, wani yana magana a lasifika. Shirunta ya yi tsawo, irin wanda take yi tun tana 'yar shekara tara in ta ɓoye sifana lamba goma a aljihu.

"Ke kika kwance su?" ya tambaya.

"Ni."

"Kin duba?"

"Ina da fitila irin taka. Daga kantinmu na sayo biyu."

"To me kika gani?"

Ta ja numfashi. "Na bakwai akwai masoro."

Issoufou ya rufe ido. "Guda nawa?"

"Bakwai ko takwas. Na biyar ma akwai, biyu."

"Baƙi ne ko masu ƙyalli?"

"Baƙi. Na juya shi a rana, ba ƙyalli."

"Layin ƙugiya fa?"

"Ya wuce gwiwa. Ya gangara, kamar faɗin ƙwayar shinkafa."

"Kin ga duk wannan, kika ɗora wa tsoho kwali kilomita ɗari, kika kira ni kina neman ƙarin biyu."

"Na ce ko ƙura ce. Na ce in kai ka duba ka ce ba komai, to ba komai ne." Ta rage murya. "In kai ka faɗa, ina iya takawa ban ji tsoro ba."

Ya dubi kwalin da ke kan kujera ta taga.

"To nawa, Ammu?"

"Ke kika gani. Ke za ki faɗa."

"Ka san in na rage ya tafi ya bar ni."

"Na sani."

An kira la'asar a masallacin gidan man, ladan ɗan Bangladesh mai siririyar murya. Sai da ya kai rabi ta yi magana, ba da shi ba, da wanta, da Larabci, a sarari yadda zai ji: sha takwas ga duka, na bakwai sha bakwai. Bandar ya ce wani abu da ƙarfi. Ta maimaita masa lambar ba ta ƙara komai ba. Sannan ta dawo kan waya.

"Ka koma gida."

"Sai na ji gudun."

Suka yi sallah shi da Ɗan'auta. Suka sayi shayi a kofin takarda, ya huce a hannun Issoufou bai kurɓa ba. Ya zauna a kan dakali, ya tashi, ya je ya karanta farashin man inji a jikin gilashin shago har ƙasa, ya dawo. Wani Bapakistane ya tsaya da motar ɗaukar kaya tana rawa, Issoufou ya ce masa a wuce, wayar fulogi ta uku ta saki, mutumin ya dube shi kamar mahaukaci, ya buɗe bonet, ya tura wayar, rawar ta tsaya. Ko wannan bai ci minti uku ba.

Biyar da minti shida Bandar ya kira, ya ɗaga wayar sama. Aka ji inji biyu suna gurnani, ɗaya da shewar sufacaja da Issoufou zai gane ko cikin barci. Gurnanin ya hau, ya tsaya a wuya. Sai wayar ta cika da ƙara har ta koma ƙarar soya. Issoufou ya manna ta a kunne da hannu biyu, leɓɓansa na ƙirga. A biyar ƙarar ta fara nisa. A takwas ta zama zare. Yana jiran zaren ya tsinke da wani irin tari da ya sani, bai tsinke ba, ya siranta ne kawai har ya shige cikin hayaniyar mutane.

"Tara da biyar," in ji Bandar, murya a daƙushe. "Talal ya ba ta tsawon mota guda."

"Hayaƙi?"

"Babu. Ga ta can ta juyo da kanta."

"Ka ce mata ta bar fulogin a wurinta. In ta karanta ta gaya mini."

Suka hau hanyar gari, rana a bayansu, inuwar tasi ta miƙe a gabansu. Ɗan'auta bai kunna rediyo ba. Sai da benaye suka fara bayyana ya yi gyaran murya.

"Ni na kayar da ita, ko?"

"A'a."

"Kana faɗa ne dai." Ya canja giya. "To in da ta yi shiru, ba ta gaya maka abin da ta gani ba, ta matsa maka sai ka ba ta lamba, nawa za ka ce?"

Issoufou ya ɗauki fulogi ɗaya daga kwalin ya juya shi a hasken yamma. Aikin ya yi kyau, ko lungun ƙugiya bai bari ba.

"Ashirin da ɗaya."

Ɗan'auta ya gyaɗa kai kamar wanda ya gane. Ya yi tafiya kaɗan.

"To ai ɗaya ne kawai ka ƙara."

"Ɗaya ne," in ji Issoufou. Ya mayar da fulogin raminsa, ya rufe kwalin, ya ɗora tafin hannu a kai, yana tuna garwashi a kan leda.